BABI NA HUƊU: TSOHUWAR BINDIGA A ƘAUYUKAN AREWACIN KANO, TA HARBI CE KO TA AJIYA?

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan makaman Bahaushe na gargajiya, wato baka da kibiya da mashi da takobi da garkuwa. Wannan babi kuwa zai dubi bindiga, amma ba ta fuskar yaƙi kaɗai ba. Abin da za a fi mayar da hankali a kai shi ne matsayin tsohuwar bindiga, musamman wadda hannun mai gyara ya riga ya taɓa, da kuma yadda ya kamata a auna darajarta.

Yawanci wannan matsala takan taso ne a wajen rabon gado. Dattijo ya rasu, an fito da kayan turakarsa, sai ga bindiga a naɗe cikin tsumma ko buzu, ta yi shekara da shekaru ba a ji ƙararta ba. Tunda ba a raba gado sai an yi wa abin da mamaci ya bari kima, dole ne a sa mata kuɗi. A nan ne ra'ayin magada kan rabu gida biyu. Wani zai ce a kai wa maƙeri ya kankare tsatsar, ya sake mata ƙota, domin ta yi aiki ko ta yi kuɗi a hannun mai saye. Wani kuma zai ce a bar ta yadda take, tunda kayan kakanni ne. Dukkansu daraja suke nema wa bindigar, sai dai ba daraja iri ɗaya suke nufi ba, kuma sau da yawa abin da ke ƙara ɗaya shi ne ke rage ɗayar.

Yankin da ake magana a kansa shi ne ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, daga ƙasar Ungogo da Minjibir da Gezawa zuwa Dawakin Tofa da Bici da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa. Kafin a iya yanke hukunci a kan bindigar da aka samu a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, wajibi ne a san hanyar da ta bi ta isa can.

4.1 Shigowar Bindiga Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a shekarar 1908, ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda (1421–1438), inda ya nuna cewa wani basarake da ake kira Dagaci ya zo daga Barno da jama'a da ganguna da tutoci da bindigogi. Ya kamata a yi taka-tsantsan da wannan bayani, domin a farkon ƙarni na 15 ko a ƙasashen Turai ma bindigar hannu ba ta gama kankama ba. Mai yiwuwa ne marubucin ya ɗauki abin da ya sani a zamaninsa ya jingina wa mutanen da. Abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne na Barno a ƙarshen ƙarni na 16, inda Imam Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma ya yi amfani da Turkawa masu bindiga a rundunarsa. A Kano kuwa, littafin ya sake ambaton shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743), lokacin da ake kawo garkuwoyi daga Nufe, sannan ya ce Sarki Babba Zaki (1768–1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi.

Ta hanyoyi biyu bindiga ke isowa. Akwai ta Sahara, wadda ayarin raƙuma ke bi daga Tarabulus, akwai kuma ta kudu, daga bakin teku ta ratsa ƙasar Yarbawa da Nufe. Mafi yawan abin da ke zuwa ta kudu doguwar bindiga ce mai ƙanƙara, wadda ake ƙerawa da yawa a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam musamman domin kasuwar Afirka. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, a zuba harsashi a kai. Idan aka ja kunama sai ƙanƙarar ta doki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushin. Kafin a sake ɗura ta, mai baka ya saki kibau da yawa, idan kuwa ruwan sama ya taɓa albarushin to magana ta ƙare. Sunan da Bahaushe ya laƙaba mata, wato harba-ka-ruga, ya wadatar wajen bayyana ra'ayinsa game da ita.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ba ta taka wata babbar rawa a jihadin 1804 ba. Da baka da kibiya jama'ar Shehu suka yi nasara a Tafkin Kwatto. A shekarar 1826 Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a fagen fama da Gobirawa, kuma bindigogin da ya gani 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da yawan mayaƙan. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, takubban Solingen ta Jamus ya tarar ana shigowa da su dubbai, ba bindigogi ba. Smaldone (1977) ya nuna cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 ne bindiga ta fara sauya tsarin yaƙi a daular Sakkwato, kuma sarakuna ba su yarda ta watsu a hannun kowa da kowa ba. Bayin sarki suka damƙa wa ita, domin bawa ba shi da dangin da zai haɗa kai da su ya nemi gadon sarauta. Stilwell (2004) ya yi bayanin yadda wannan ya ƙara wa manyan bayin fadar Kano ƙarfi.

Shekaru goma na ƙarshen ƙarnin su ne suka fi shafar yankin da ake nazari. Daga 1893 zuwa 1895 aka yi yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda ya ƙare da kashe Sarki Tukur a Tafashiya ta ƙasar Katsina. Da ƙurar ta lafa kuma sai Sarki Aliyu Babba ya fuskanci Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimu Damagaram ta tara bindigogi ta hanyar Sahara, har ana ƙera igwa a birnin Zinder, saboda haka da Sarki Ahmadu Kuran Daga ya riƙa kawo hari, gonakin arewacin Kano ne suka zama fagen daga. An gwabza a wurare irin su Gezawa da Tattarawa. Wannan ne ya sa idan aka tarar da tsohuwar bindiga a wani gida a yankin, abin da ke saurin zuwa bakin mutane shi ne a ce ta yaƙin Damagaram ce. Amma abin lura a nan shi ne, talakan da aka tara domin wannan yaƙi da kwari da baka ya fita. Bindiga tana hannun bayin sarki da yaran manyan hakimai. Wannan bai hana wani ya tsinci tasa a fagen fama ba, sai dai ya isa ya sa mai nazari ya nemi ƙarin hujja kafin ya amince.

A daidai wannan lokaci Turawa sun riga sun rufe ƙofa. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana sayar wa mafi yawan ƙasashen Afirka bindigogin zamani, amma ta bar mai ƙanƙara da albarushinta. Sakamakon haka ya bayyana ranar 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da sojojin Kanar Morland suka shiga birnin Kano da igwa da bindiga mai ruwa.

4.2 Daga Fada Zuwa Ƙauye

Bayan 1903 yaƙe-yaƙe tsakanin masarautu suka ƙare, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙe makaman zamani a hannunta. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ita ce aka ƙyale wa jama'a bisa lasisi. A fada sai ta koma kayan ado da alfarma, 'yan bindiga suna harbawa a gaban sarki ranar hawa. A ƙauye kuma ta faɗa hannun maharba.

To amma maharbin arewacin Kano ba kamar na sauran wurare ba ne, kuma dalilin haka yana ga ƙasar kanta. Mortimore da Wilson (1965) sun bayyana kewayen birnin Kano a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, inda ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana ciyar da ita da takin gida da wanda jakuna ke kwasowa daga birni. Gona tana manne da gona, itatuwan da suka rage su ne waɗanda manomi ya ga damar bari, irin su kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo. A irin wannan ƙasa babu dajin da babban nama zai ɓuya. Abin da ya rage wa maharbi shi ne zomo da gafiya da fakara da kurciya, waɗanda kare da gora da tarko ma sun isar musu. Wanda ke son farauta ta sosai sai ya jira rani ya bi ayarin mafarauta zuwa nesa. Ke nan a wannan yanki an fi bukatar bindiga saboda ƙararta, ba saboda kisanta ba. Da ita ake sanar da ganin wata, da ita ake raka hakimi hawan salla, da ita ake murnar naɗin sarauta. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin mai neman ƙara yakan cika albarushi fiye da kima, kuma wannan ne ke gajiyar da bututu har wata rana ya fashe.

Bindigar da ake aiki da ita haka dole ta riƙa zuwa maƙera. Jaggar (1994), a nazarinsa na maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda sana'ar ta riƙa sajewa da sauyin zamani. Bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, tsofaffin ƙarafan Turawa suka maye gurbin tama, daga baya kuma tarkacen mota ya ƙaru a kai. Maƙerin ƙauye bai tsaya a baya ba. Da ƙanƙara ta yi wuyar samu, sai aka riƙa juya kunama ta doki 'yar hular tagulla mai kamawa da wuta. Idan ƙota ta tsage ko gara ta ci ta, masassaƙi ya sassaƙa wata da icen gida. Inda ya yi rauni a ɗaure da waya, ko a naɗe da ɗanyar fata ta bushe a kai, ko a sa zoben tagulla. Wani ya rataya mata laya. Idan bututu ya fashe kuma, sai a nemo bututun sitiyarin mota ko na famfo a maye gurbinsa. A ƙarshe maƙera suka iya ƙera ta gaba ɗaya, wadda ake kira bindigar toka ko ta baushe.

Abin da wannan ke nufi shi ne, bindigar da ake cewa ta kakan kaka ce tana iya kasancewa an sake mata ƙota sau biyu, bututu sau ɗaya, ba abin da ya rage na asali sai kunama da 'yan ƙusoshi. Duk da haka masu ita ba ƙarya suke yi ba idan sun ce ita ce. A ganinsu bindiga tana nan muddin ba ta bar gidan ba, kamar yadda ake cewa gidan wane ya shekara ɗari alhali kowace damina sai an yi masa yaɓe.

4.3 Libarba da Ma'aunin Masu Tara Kayan Tarihi

Libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga da ke juyawa, ba ta taɓa zama kayan talakan ƙauye ba. Samuel Colt ne ya yi mata rajista a Amurka a 1836, amma wadda ƙasar Hausa ta fi sani ita ce Webley ta Ingila, wadda sojan Ingila ya fara amfani da ita a 1887. Tana cin harsashi shida, ana karya ta a tsakiya a zuba mata su, kuma a ɗamarar hafsoshin Turawa aka saba ganinta. An ci gaba da sabunta ta har zuwa samfuri na shida da ya fito a 1915. Idan har an samu irinta a wani gida a ƙasar Bici ko Ɗambatta, to sai dai ta hanyar kyauta ga wani basarake, ko ta hannun tsohon soja ko ɗan sanda, ko kuwa cikin makaman da suka watsu bayan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Duk da ƙarancinta, ya dace a tsaya a kanta, domin a kanta ne masu tara tsofaffin makamai a Turai da Amurka suka fi fayyace bambancin da ke tsakanin bindigar harbi da ta ajiya.

A wurin waɗannan mutane, abin da ke sa libarba ta yi kuɗi shi ne kasancewarta yadda ta fito daga masana'anta. Suna duban rinin da aka yi wa ƙarfen tun farko, mai baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi, wanda ke kare shi daga tsatsa, har sukan ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari ya rage. Suna duban lambar da aka buga a jiki, ko ta gangar ta yi daidai da ta bututu da ta gangar jiki. Suna duban hatimin gidan gwaji, irin na Bamingam da aka kafa a 1813, da alamar kan kibiya da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayanta, da lambar rundunar da aka ba wa. Waɗannan alamomi su ne takardar haihuwar bindigar. Da su ake sanin shekarar da aka ƙera ta da wanda aka ba da inda ta je.

Matsalar sabon rini ita ce ba ya kamawa sai an goge ƙarfen ya yi sumul. Gugar nan kuwa ita ke cinye rubutu, ta daƙushe kusurwoyi masu kaifi, ta mayar da hatimi kamar tsohon kwabon da ya sha hannu. Bindigar za ta fito tana ƙyalli, wanda bai sani ba ya ɗauka sabuwa ce, amma masani da ya juya ta sau ɗaya zai gane, kuma kuɗin da zai taya zai faɗi ƙasa warwas. Irin wannan ne Bahaushe ke kira gyaran gangar Abzinawa. Wadda ta koɗe, rininta ya tafi saboda gogayya da kube, ta fi wadda aka sabunta daraja a wurinsu, domin koɗewar ma shaida ce.

Mai neman bindigar harbi kuwa ba ruwansa da duk wannan. Abin da ya dame shi shi ne lafiyar cikin bututu, da ko ramin ganga yana tsayawa daidai da bakin bututu a lokacin da kunama ta faɗa, da ko gangar tana girgiɗi. Saboda haka a ƙasashen da doka ta yarda, libarbar da aka sake wa rini takan zama rabon mai ƙaramin ƙarfi: ya saye ta da araha, ya harba ba tare da fargabar rage mata daraja ba, tunda darajar ta riga ta tafi. Sai dai ƙyallin waje ba ya faɗin komai game da ciki. Hasali ma yakan ɓoye ramukan da tsatsa ta ci. Bugu da ƙari, ƙarfen da aka ƙera domin baƙin albarushi ba lalle ne ya jure wa albarushi maras hayaƙi ba, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884 kuma ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba.

Tarihin ita kanta Webley ya ba da misali mai kyau. Bayan yaƙin duniya na biyu an sayar da rarar waɗannan bindigogi da yawa zuwa Amurka. Da yake harsashinta na asali, mai lamba .455, yana da wuyar samu a can, sai 'yan kasuwa suka riƙa aske bayan gangar domin ta ci harsashin Amurka mai lamba .45. An yi haka ne domin ta yi saurin shiga kasuwa a matsayin bindigar harbi. Abin da ya biyo baya shi ne hasara biyu. Mai tarawa ya guje ta saboda an taɓa ta, sau da yawa ma askin ya tafi da lambar da ke bayan gangar. Mai harbi kuma ya shiga haɗari, domin ƙarfin sabon harsashin ya zarce abin da aka ƙera ta ta ɗauka.

A Nijeriya akwai wani abu da ya yanke wannan muhawara tun kafin a fara ta, wato doka. Dokar Bindigogi da ta fara aiki a 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Waɗanda ake ɗurawa ta baki, lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Na farauta na zamani kuwa yana hannun Sufeto Janar. Libarba da fistol suna cikin waɗanda aka haramta, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Jadawalin dokar ya ambaci har da fistol mai ƙanƙara, wanda ke nuna cewa tsufa ba ya fitar da ƙaramar bindiga daga haramcin. Wannan ya saɓa wa Amurka, inda dokar 1968 ta ware bindigogin da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi. Har ila yau dokar Nijeriya ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izini ba. Ke nan magajin da ya tsinci libarba cikin kayan mahaifinsa, ya kai ta a goge a sake mata rini, ya ɓata shaidar da ke jikinta, bai sami bindigar da zai iya harbawa a fili ba, kuma ya jawo wa kansa da mai gyaran laifi.

4.4 Yadda Ya Kamata a Auna ta Gida

Kuskure ne a ɗauko ma'aunin Turawa yadda yake a ɗora wa bindigar ƙauyen Kano. Idan aka ce sai wadda ba a taɓa ba ce mai daraja, to da wuya a samu ko ɗaya a yankin gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a sashe na 4.2. Kuma ma'aunin zai zubar da abin da ya fi amfani ga mai nazarin tarihin Hausawa. Kunamar Bamingam da aka ɗaura wa ƙotar icen gida da bututun sitiyari tana ba da labarin zamani uku a jiki ɗaya: zamanin fatauci ta Nufe, da zamanin lasisin Turawa, da zamanin mota. Bindigar da ta fito daga akwati ba a taɓa ta ba labarin masana'antar Ingila kawai za ta bayar. Wadda ta sha ɗauri da faci ita ce ke ba da labarin maƙerin Kano.

Saboda haka bambancin da ya kamata a yi ba tsakanin gyararriya da wadda ba a gyara ba ne. Tsakanin gyaran da ke ƙara wani abu ne da gyaran da ke shafe wani abu. Wayar da maharbi ya ɗaura shekara sittin da suka wuce ƙari ce. Amma a sa takardar yashi ko injin guga a kankare ƙarfe har hatimi ya ɓace, a cire tsohuwar fata da layu a jefar, a shafe ƙota da fenti mai ƙyalli, wannan shafewa ce, kuma ba ta dawowa. Abin da tsohon ƙarfe ke bukata domin ya daɗe bai wuce a share ƙura, a shafa ɗan mai, a nisanta shi daga laima da gara ba.

Abu na biyu shi ne asali. A yawancin gidaje darajar bindiga tana bakin dattawa ne: wane ne ya fara riƙe ta, yaron wane hakimi ne, wane hawa aka yi da ita. Idan tsohon da ya san wannan ya rasu ba a rubuta ba, ko aka sayar da bindigar ta bar gidan, sai ta koma tsohon ƙarfe kawai, wanda ɗan gwangwan zai ɗora a sikeli. A nan ya kamata a ambaci cewa kasuwar kayan tarihi ma ba abin dogaro ba ce wajen tantance asali. Steiner (1994), wanda ya yi nazarin dillalan kayan gargajiya a Kwaddebuwa, cikinsu har da Hausawa, ya nuna yadda ake tsofar da sabon abu da gangan domin mai saye ya ɗauka na da ne. Abin dariya ne a ce a gida ana goge tsohuwa ta zama sabuwa, a kasuwa kuma ana turara sabuwa ta zama tsohuwa.

Ta fuskar harbi kuwa, hukuncin bai da wuya. Bututun da ya haura shekara ɗari, wanda tun farko ma ba mai inganci aka kawo wa Afirka ba, kuma ya sha cikon albarushi a hawan salla, bai kamata a sake ɗura shi ba ko da an goge shi ya yi fes. Wanda ya rasa yatsu a irin wannan ba baƙon gani ba ne a cikin maharba. Amma ba za a musa cewa matsin da ke sa mutane su waiwayi tsohuwar bindiga na gaske ne ba. A ƙarshen shekarar 2025 an kai hare-hare a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Jihar Katsina. Mutumin da ke kwana da fargaba ba zai saurari zancen hatimin Bamingam ba. Sai dai ko ta wannan fuska, harba-ka-ruga ba ta da abin da za ta yi a gaban bindigar da ke zubo harsashi talatin a jere, don haka fito da ta kaka a gyara hasarar tarihi ce da ba ta sayi tsaro ba. (Ko kalmar ma ta sauya. A zamanin Babba Zaki, kuma har yau a fada, 'yan bindiga masu tsaron sarki ne. A bakin gidajen rediyo kuwa yanzu ɓarayin daji ake nufi.)

Akwai kuma wata doka da magada ba su cika sani ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki abin da aka ƙera a cikin ƙasa kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta kuma hana saye da sayar da shi ko fitar da shi waje ba tare da izini ba. Gidan Makama, wanda ke ƙarƙashin wannan hukuma, yana ajiye da makamai da kayan yaƙin Kano na da, kuma nan ne wurin da ya dace a kai abin da ake kyautata zaton na ƙarni na 19 ne domin a duba shi kafin a taɓa shi. Bindigar toka mai bututun sitiyari ba za ta shiga ta ƙofar 1918 ba, tunda mota ba ta wadata a ƙasar Kano ba sai bayan wannan shekara. Amma dokar ta buɗe wata ƙofa, domin ta haɗa da abin da ke da muhimmancin tarihi ko fasaha wanda aka taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. Hawan sallar Kano kuwa Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Bisa wannan, bindigar da maƙerin ƙauye ya ƙera a shekarun 1950, wadda aka yi ta harbawa a gaban hakimin Ɗambatta ko na Bici kowace salla, tana iya cika sharaɗin da libarbar Bature da aka sake wa rini ba za ta cika ba.